Yaron da ya zo da ciwon ciki aka ce suga ne: ina haɗin?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, ina shekara ta biyu. A zangon da ya wuce an koya mana yadda abinci yake narkewa a jiki, a wannan zangon kuma mun shiga ciwon suga, kuma gaskiya haddace alamominsa kawai na yi don in ci jarrabawa. Makon jiya muna aikin koyo a asibiti aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 yana ta amai da murɗawar ciki, har an fara maganar ko tiyata za a yi masa. Sai wata babbar nas ta matsa kusa da shi, ta soki yatsarsa ta gwada, ta ce maza a kira likita, suga ne. Na tsaya sororo. Mene ne haɗin ciwon ciki da suga? Kuma yaya zan yi in riƙa ganewa kamar yadda ta gane?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, musamman da kika fito fili kika ce hadda kika yi. Da yawa daga cikin ɗalibaina haka suke yi, kuma ba na ɗora musu laifin duka, domin mu masu koyarwa ne muke raba darasin gida biyu, narkewar abinci a wannan littafi, ciwon suga a wancan, alhali a jikin mutum hanya ɗaya ce. Wannan babbar nas ta san hanyar da loma take bi har ta zama suga a jini, shi ya sa da ta ga yaron ta san inda aka sami tangarɗa. In kika bi hanyar nan da ni sau ɗaya a tsanake, alamomin za su riƙa bayyana kansu gare ki.

Mu fara daga baki. Mutum yana fitar da yawu kimanin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini, kuma a cikin yawun akwai sinadarin amilas da yake fara yanka sitaci tun loma tana kan harshe. Ki gwada da kanki: ki tauna abinci mai sitaci ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji ya fara zaƙi-zaƙi. Wannan zaƙin suga ne ya fara fitowa. Daga nan loma ta gangara ta maƙoshi, bututu mai tsawon kimanin santimita 25, ta faɗa tumbi. A tumbi asid mai ƙarfi yana kashe ƙwayoyin cuta, ana fara narka furotin, ana cakuɗa abincin har ya zama ruwa-ruwa. Sitaci ba ya samun wani aiki sosai a nan. Abin da nake so ki riƙe game da tumbi shi ne aikin tsaron ƙofa: ba ya zubar da abinci cikin hanji lokaci guda, kaɗan-kaɗan yake sakinsa cikin awa biyu zuwa huɗu. Saurin da ƙofar nan take buɗewa shi ne saurin da suga yake shiga jini. Za mu dawo kanta.

Babban aiki a ƙaramin hanji ake yin sa, mai tsawon kimanin mita shida. A farkonsa, dab da fitowa daga tumbi, ruwa biyu suke zubowa. Ɗaya ruwan ɗaci ne da hanta take haɗawa, matsarmama ta adana, aikinsa farfasa kitse. Ɗayan daga fankiriyas yake zuwa, yana kashe kaifin asid ɗin tumbi, kuma yana ɗauke da sinadaran narka sitaci da furotin da kitse baki ɗaya. A nan bari in ja kunnenki a kan wani kuskure da nake yawan ji: mutane suna kiran fankiriyas da saifa. Gaɓoɓi biyu ne daban. Saifa tana can hagu ƙarƙashin haƙarƙari tana tace jini. Fankiriyas kuwa yana kwance a bayan tumbi, tsawonsa kimanin santimita 15, kansa yana cikin lanƙwasar farkon hanji. Idan kina yi wa majinyaci bayani kika ce saifarsa ce ta gaza, kin tura tunaninsa wani wuri.

Sitacin nan ana ta yanka shi har ya koma gulukos, wato sugan da jiki yake ƙonawa. Bangon hanji cike yake da 'yan tsirai kamar gashin tawul, su suke tsotse shi su miƙa wa jini, kuma jinin da ya bar hanji ba ya wucewa ko'ina sai ya bi ta hanta tukuna. Abin da ya rage ya wuce babban hanji, a tsotse ruwansa, ya fita.

Yanzu ki dawo kan fankiriyas, domin ma'aikaci ne mai aiki biyu. Mafi yawansa masana'antar ruwan narka abinci ce. Amma a warwatse cikinsa akwai wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta, ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na gaɓar ba, waɗanda Paul Langerhans ya gano a 1869 yana ɗalibin likitanci a Berlin. Su ba hanji suke zuba kayansu ba, jini suke zuba wa kai tsaye. Shekara ashirin bayan nan, a 1889, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas suna binciken narkewar abinci, sai karen ya kamu da ciwon suga mai tsanani. Kin ga tun asali ma ta ƙofar narkewar abinci aka gano tushen ciwon.

Tsibiran nan suna fitar da insulin idan suga ya hau, suna fitar da gulukagon idan ya sauka. Insulin yana buɗe wa gulukos ƙofar tsoka da kitse, yana umartar hanta ta adana rarar, kuma yana hana jiki narka kitsensa. Gulukagon kuwa yana sa hanta ta fito da ajiyarta da dare ko tsakanin abinci da abinci. Hanjin kansa yana da baki a maganar: da zarar abinci ya iso, yana sakin wasu sinadarai, irin su GLP-1, da suke sanar da fankiriyas ya shirya, suna kuma rage saurin buɗewar ƙofar tumbi. Da wannan tsari, duk jinin babban mutum mai lafiya, kusan lita biyar, gulukos ɗin da yake yawo a ciki bai fi giram huɗu zuwa biyar ba, wato ƙaramin cokali ɗaya. Duk lokacin da na faɗi wannan a aji sai in ga idanu sun buɗe. Mutum ya ci ya ƙoshi, amma jiki ya riƙe awon nan daram.

Ga wata tambaya da majinyata za su yi miki, gara ki san amsarta tun yanzu: me ya sa insulin sai da allura? Saboda furotin ne. In an haɗiye shi, tumbi da hanji za su narka shi kamar kowane furotin na abinci. Tun da aka fara yi wa ɗan Adam shi a Toronto a watan Janairun 1922, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, bayan aikin Frederick Banting da Charles Best, galibi ta ƙarƙashin fata ko ta jijiya ake ba da shi.

Ciwon suga shi ne lalacewar wannan awo. A nau'i na ɗaya garkuwar jiki ce take juyowa ta halaka ƙwayoyin da suke yin insulin, har ya zama babu shi. Ya fi bayyana a yara da matasa, ko da yake yana iya zuwa a kowane shekaru, kuma da gudu yake zuwa, cikin kwanaki ko makonni. A nau'i na biyu, wanda shi ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon, akwai insulin amma jiki ya daina jin maganarsa, fankiriyas ya yi ta ƙara ƙoƙari har ya gaji. Wannan a hankali yake saɗaɗowa, shekaru. Akwai kuma wanda yake zuwa da juna biyu, shi ya sa ake gwada masu ciki tsakanin mako na 24 da na 28. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun ƙaru daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Duk sashen da aka tura ki aiki, yara ne ko haihuwa ko tiyata, za ki haɗu da shi.

To, yanzu alamomin da kika haddace. Ki ɗauka gulukos ya shigo daga hanji, ƙofofin tsoka a rufe, hanta kuma tana ta ƙaro nata domin ba wanda ya tsawata mata. Suga ya taru a jini. Ƙoda tana tace ruwa kimanin lita 180 a yini, kuma a ƙa'ida tana maido da duk gulukos ɗin da ya bi ruwan. Amma ƙarfinta yana da iyaka: idan sugan jini ya haura kimanin 10 a awon milimol, wato 180 a awon miligiram, rarar sai ta zube cikin fitsari. Suga kuma ba ya tafiya shi kaɗai, ruwa yake ja. Ga yawan fitsari. Jiki ya bushe, ga ƙishirwar da ba ta yankewa. Ki lura da jerin, domin majinyata suna juya shi: za su ce miki suna yawan fitsari ne saboda suna yawan shan ruwa, wasu har su rage sha don su sami barci. Fitsarin ne ya jawo ƙishirwar, kuma hana kai ruwa a wannan hali haɗari ne.

Abincin da aka ci yana zubewa a fitsari, tsoka tana yunwa ga abinci kewaye da ita. Jiki sai ya koma cin kansa, ya narka kitse da tsoka. Ga rama duk da yawan ci, ga kasala. Idon ma ba ya tsira: suga yana canja yawan ruwan da yake cikin ƙwayar ido, sai gani ya riƙa dishi-dishi, yau da sauƙi gobe babu. Shi ya sa ake ce wa wanda aka gano ciwon kwanan nan kada ya yi gaggawar yanka tabarau sai sugan ya daidaita na wasu makonni. Sugan da ya yi yawa yana kuma raunana fararen ƙwayoyin jini, ga fitsari mai zaƙi da fata mai damshi, sai ka ga maruru suna fitowa bi da bi, ƙaiƙayin gaba, ciwon mafitsara da yake tafiya yana dawowa, gyambon da ya ƙi warkewa. In an daɗe, jijiyoyin da suke kai saƙon ji su fara lalacewa daga yatsun ƙafa, mutum ya ce yana jin zafi-zafi kamar ya taka garwashi da dare, ko ƙafar ta yi masa dundum kamar ba tasa ba. Akwai kuma baƙin da yake fitowa a bayan wuya da hammata, mai kauri da laushi, da ake zaton dauɗa ce a yi ta gogewa. Sau da yawa alama ce ta jikin da ya daina jin insulin.

Na taɓa kula da wata baiwar Allah mai kimanin shekara hamsin da ta zo sau uku cikin 'yan watanni da ƙaiƙayin gaba. Kowane zuwa a ba ta magani, ya lafa, ya dawo. A zuwa na huɗu ina rubuta bayananta na lura da gorar ruwa a jakarta, ta sha sau biyu kafin mu gama magana, leɓunanta kuma a bushe. Na tambaye ta sau nawa take tashi fitsari da dare. Ta yi shiru, sannan ta ce sau biyar, ta ɗauka girma ne. Na kama hannunta na gwada, na'urar ta nuna 19 a awon milimol. Abin ya tsaya mini a rai, domin a ɗaya daga cikin zuwanta na baya ni ce na karɓe ta, ban tambaya ba. Tun daga ranar duk wanda ya zo mini da ciwon da yake maimaita kansa sai na tambayi fitsarin dare. Ruwa ba ya tsami banza.

Ki kula da yadda kike tambayar. In kika ce wa mutum "kana yawan fitsari?" zai ce a'a, domin ya saba. Ki tambayi abin da za a iya ƙirgawa: sau nawa kake tashi da dare, kana kwana da ruwa kusa da kai, tufafinka sun yi maka yawa? Ga uwar yaro kuwa: ya koma fitsarin kwance bayan ya daina? Kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari? Ki kuma sani cewa mai nau'i na biyu yana iya shekaru babu alama ko ɗaya, sai dai gwaji ya tona. Mai ƙiba musamman mai teɓa, mai hawan jini, wanda iyayensa ko 'yan uwansa suke da ciwon, macen da ta taɓa haifar jaririn da ya haura kilo huɗu, duk waɗannan a gwada su ko da suna cewa lafiyarsu ƙalau.

Mu koma kan yaronki. Abin da kika gani, bisa bayaninki, shi ne halin da jini yake komawa asid saboda rashin insulin. Da insulin ya ƙare sarai, babu mai hana jiki narka kitse. Kitsen ya kwarara zuwa hanta, hanta ta mayar da shi wasu sinadarai da ake kira kiton, su kuwa asid ne. Asid ɗin nan da bushewar jiki da rikicewar gishirin jini suna tsayar da motsin tumbi da hanji. Ga amai, ga murɗawar ciki, har cikin ya yi tauri ya yi zafi in an taɓa, ya yi kama da ciwon afendis sak. A yara da yawa wannan ne karon farko da ake sanin suna da ciwon suga. In da an zauna da uwar an tambaye ta, da wuya ba ta ce mako biyu ko uku ke nan yana shan ruwa kamar me, yana jiƙa shimfiɗa, yana ramewa ba.

Me babbar nas ɗin ta gani da ta matsa kusa? Ina kyautata zaton abu uku. Na farko numfashi: mai zurfi, mai sauri, kamar wanda ya yi gudu, alhali ƙirjinsa babu majina. Huhu ne yake ƙoƙarin fitar da asid ta hanyar busar da iskar kabon, irin numfashin da likitan nan Bajamushe Adolf Kussmaul ya siffanta a 1874, har ake kiransa da sunansa. Na biyu warin baki, wani ƙamshi-ƙamshi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna suka zarce, ko ruwan goge farce. Ba kowane hanci yake jin sa ba, don haka rashin jin sa ba hujja ba ne. Na uku kuma shi ne wanda na fi so ki riƙe: yaro a bushe, idanu sun faɗa, harshe kamar takarda, amma yana ta fitsari. Yaron da amai da gudawa suka busar, fitsarinsa raguwa yake yi, domin ƙoda tana tattalin ruwa. Wanda ya bushe kuma yana cika mazubi, a gwada sugansa nan take.

Maganin na likita ne ya rubuta, amma rayuwar yaron a daren nan tana hannun nas. Ƙarin ruwa ake farawa da shi, sannan insulin ta jijiya a hankali, ana bin sinadarin fotasiyam sau da ƙafa, domin insulin yana kora shi cikin ƙwayoyin jiki, in ya faɗi a jini bugun zuciya ya rikice. Ke za ki auna suga kowace awa, ki rubuta ruwan da ya shiga da wanda ya fita ba tare da ƙiyasi ba, ki riƙa duba hankalinsa. A yara akwai haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa a lokacin magani. Yaron da ya fara farfaɗowa sannan ya ce kansa yana ciwo, ko ya rikice, ko barci ya danne shi, ko bugun zuciyarsa ya ragu, kada ki jira zagayen safe, ki kira a lokacin. Ciwon cikin kuwa yakan lafa cikin awanni in asid ya sauka. In bai lafa ba, a sake duba cikin da kyau, domin wani lokaci ciwon afendis na gaske ne ko wata cuta ta tayar da rikicin tun farko. A tsofaffi masu nau'i na biyu hoton yakan bambanta: suga ya haura 30, bushewa mai tsanani, ruɗewa da magagi cikin kwanaki, kiton kaɗan ko babu. Iyali su ce tsufa ne ko shanyewar ɓarin jiki. Shi ma a soki yatsa.

Sukar yatsar ma tana da ƙa'ida. A wanke hannu da ruwa da sabulu a busar sosai, domin ragowar abu mai zaƙi a yatsa yana iya ɗaga lamba ya ruɗe ki. Ki soki gefen kan yatsa, ya fi tsakiya sauƙin zafi, kada kuma ki matse da ƙarfi. Ki duba ranar ƙarewar tsinken gwaji, ki tabbata kin san awon da na'urar take magana da shi. Na'urori iri biyu ne, kuma bambancin ninki 18 ne: 7 a milimol daidai yake da 126 a miligiram. Rikita su ya isa ya sa a yi wa mutum allurar da ba ya buƙata. Lambobin tabbatar da ciwo kuwa da jinin jijiya ake samunsu a ɗakin gwaji: 7.0 ko sama a awon milimol bayan awa takwas ba a ci komai ba; 11.1 ko sama awa biyu bayan shan giram 75 na gulukos; ko 11.1 ko sama a kowane lokaci in akwai alamomi. Ko gwajin HbA1c da ya kai kashi 6.5, wanda yake nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. In babu alamomi ana maimaita gwaji kafin a yanke hukunci. HbA1c kuma ba abin dogaro ba ne ga mai sikila, ko mai ƙarancin jini sosai, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, domin lissafinsa a kan tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini yake.

Akwai ɗaya ɓangaren da nake tsoro fiye da hawan suga a aikin dare, wato faɗuwarsa. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata take ci. Idan suga ya sauka ƙasa da 3.9, wato 70, a jikin wanda yake kan insulin ko wasu ƙwayoyin rage suga, za ki ga gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa, sannan ruɗewa. Dattijon da yake da fara'a da yamma ya koma faɗa da zagi da tsakar dare, ki gwada sugansa kafin ki ce halinsa ne. In yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 zuwa 20 na suga mai saurin shiga jini, kamar ƙananan cokula huɗu a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya hau a bi shi da abinci. In hankalinsa ya gushe kada ki zuba masa komai a baki, zai shaƙe. Ki kwantar da shi a gefe, a ba shi gulukos ta jijiya ko allurar gulukagon. Mafi yawan faɗuwar suga da na gani a asibiti daga abu ɗaya take: an yi allura, abinci bai shiga ba. Ko an hana shi ci saboda gwaji ko tiyata, ko amai yake yi, ko an ajiye masa kwano bai taɓa ba. Kafin ki ɗauko sirinji ki ɗaga murfin kwanon ki gani da idonki.

Na ce za mu dawo kan ƙofar tumbi. Motsin tumbi da hanji jijiyoyi ne suke tafiyar da shi ba da sanin mutum ba, babbarsu ita ce jijiyar bagus. Shekarun suga mai yawa suna cin waɗannan jijiyoyi kamar yadda suke cin na ƙafa. Sai tumbi ya yi nauyin jiki. Majinyaci ya ce loma kaɗan ta cika shi, ciki ya kumbura, tashin zuciya, wani lokaci ya amayo abincin da ya ci awanni da yawa da suka wuce. Ki duba takardar awon sugansa, za ki ga abin mamaki: ya faɗi jim kaɗan bayan cin abinci, ya hau can daga baya. Insulin ya riga ya kama aiki abinci yana tsare a tumbi, da abincin ya iso hanji ƙarfin allurar ya wuce. Irin wannan mutum sau da yawa ana zarginsa da rashin bin doka, alhali tumbinsa ne ya saɓa lokaci. Nas ɗin da ta haɗa ƙorafin cikin da lambobin takarda ita za ta kai wa likita labarin da zai sa a gyara lokacin allura, a mayar da abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai laushi, marar kitse da yawa. Lalacewar jijiyoyin nan tana iya kawo taurin bayan gida, ko gudawar da take tashin mutum da dare.

Magunguna ma suna taɓa ciki. Metformin, wanda aka fi farawa da shi a nau'i na biyu, yana yawan kawo tashin zuciya da gudawa a makonnin farko, kuma mutane da yawa suna ajiye shi a ɓoye saboda haka. Ki gaya musu tun ranar farko cewa shan sa tare da abinci, da farawa da kaɗan ana ƙarawa, yana rage damuwar. Wanda ya daɗe a kansa kuma yana iya samun ƙarancin bitamin B12. Akwai kuma masu ciwon sugan da fankiriyas ɗin ne gaba ɗaya ya lalace saboda kumburi na shekaru. Su aikin biyu ne ya tsaya tare, sai ki ga suga ga kuma bayan gida mai maiƙo, mai wari, da yake ƙin wankuwa, domin kitse ba ya narkewa.

In yaron nan yana nan har yanzu, ki nemi izinin babbar nas ɗin ki zauna lokacin da take koya wa mahaifiyarsa allura kafin sallama. Ki saurari abu ɗaya musamman, in ba a faɗa ba ki tuna musu cikin ladabi. Ranar da yaron ya yi zazzaɓi ko amai ya ƙi cin abinci, uwa za ta ga kamar hankali ne ta dakatar da insulin, tunda bai ci komai ba. Amma hanta ba ta daina zuba suga don an daina ci, rashin lafiya ma ƙara ingiza ta yake yi, kuma rashin insulin na awanni kaɗan ya isa kiton ya fara taruwa. A irin wannan rana ba a tsayar da insulin gaba ɗaya. Ana gwada suga kowace awa biyu zuwa huɗu, ana gwada kiton in akwai abin gwadawa, ana ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, ana tuntuɓar masu kula da shi kan yadda za a daidaita adadin. In amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya fara murɗawa, ko numfashin nan mai zurfi ya dawo, a taho asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne. Ki sa uwar ta maimaita miki da bakinta, sannan ki miƙa mata sirinjin ta ja adadin da hannunta kina kallo.

Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya yi wa karatunki albarka.